Kifin Enjel a Gida: Zaɓen Iri da Tankin da Zai Ishe Shi

Ranar da na fara sayen kifin enjel, guda huɗu na ɗauko, kowanne bai fi murfin kwalbar lemo girma ba. Mai shagon ya zuba min su a leda, ya haɗa ni da wani tankin gilashi mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30, ya ce, "Malam, wannan ko guda goma ka zuba zai ɗauka." A ranar kam gaskiyarsa ce, don sun ɓace a ciki kamar ba a sa komai ba. Wata takwas bayan nan labari ya sha bamban. Fiffiken sama na babbansu ya kai saman ruwa har ya lanƙwashe, na ƙasa yana jan yashi. Biyu suka haɗa kai suka mallake tankin, sauran biyun suka koma zaman ɓuya. Wata safiya na tsinci ɗaya a bayan filta, wato na'urar tace ruwan tanki, ya mutu, wutsiyarsa a yayyage kamar tsohon tsumma.

Ba cuta ce ta kashe shi ba, ƙunci ne. Shi ya sa a wannan jagorar zan juya tsarin da yawancinmu ke bi. Mukan ga kifi ya burge mu, mu saya, sannan mu nemi inda za mu sa shi. Kamata ya yi ka san girman da zai kai, ka yanke yawan da kake so, ka tanadi tanki, sai a ƙarshe ka je zaɓen launi.

Mataki na farko: san abin da kake shirin saye

Kifi iri biyu ne ke amsa sunan enjel, kuma ba su haɗa komai ba sai sunan. Akwai na teku, masu launi kamar an yi musu fenti, waɗanda ke rayuwa a ruwan gishiri tsakanin duwatsun murjani. Waɗannan kiwonsu wani fanni ne daban mai cin kuɗi, ba su muke magana ba. Namu na ruwan daɗi ne, ɗan asalin Kudancin Amurka, daga kogin Amazon da Orinoko da kogunan yankin Guyana. Masana suna kiran jinsinsa *Pterophyllum*, kalmar Girkanci mai nufin ganye mai fiffike. Wanda ya taɓa ganinsa ta gaba zai gane dalili: siriri ne kamar faifai, yana ratsawa tsakanin saiwoyi da ciyayin ruwa ba tare da ya taɓa komai ba.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne danginsa. Enjel ɗan gidan su karfasa ne, wadda muke soyawa. Duk wanda ya taɓa lura da karfasa a tafki lokacin ƙwai ya san yadda take share wuri ta tsare shi, ta kori duk abin da ya matso. Enjel ma haka yake, sai dai shi yana yi da yanga. Tafiyarsa a hankali da dogayen fiffikensa su ke ruɗar mutane su ɗauka salihi ne. Yana da yanki, yana da kishi, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne.

Mataki na biyu: cikin ukun nan, wanne?

Nau'i uku ne kacal a jinsin. *Pterophyllum scalare* shi ne wanda ya cika kasuwa, kuma kusan duk launukan da za ka gani a shago daga gare shi aka fitar da su. Tun farkon ƙarni na 20 aka fara kai shi Turai, aka yi ta hayayyafa shi a tankuna har ya saba da ruwan da kakanninsa ba su sani ba. Jikinsa kan kai santimita 15 a tsawo, amma daga ƙarshen fiffiken sama zuwa ƙarshen na ƙasa yakan kai 20. Wato ya fi tsayi a kan tsawo. In ya samu kulawa yana iya shekara goma.

Na biyu shi ne *altum*, wanda masanin kifi Bafaranshe Jacques Pellegrin ya bayyana a 1903. Shi ne sarkin gidan. Yana zaune a saman kogin Orinoko da saman Riyo Negro, wajen iyakokin Benezuwela da Kolombiya da Burazil, a ruwa mai launin shayi, mai laushi, mai tsami sosai. Tsayinsa daga fiffike zuwa fiffike yana haura santimita 30, kuma akwai wani lotsawa a goshinsa, saman ido, da ake gane shi da ita. Kyau kam ba a magana. Amma ba na ba wa mai farawa shawarar ya taɓa shi. Yana son tanki mai tsayin santimita 70 ko fiye, ruwa mai zafin digiri 28 zuwa 30, da tsabtar da ba ta yarda da sakacin mako guda ba. Sannan a kula: akwai wanda ake sayarwa da sunan altum na Peru, alhali *scalare* ne mai dogon jiki. Kifi ne mai kyau, amma kar a karɓi kuɗin altum a hannunka a kansa.

Na uku, *leopoldi*, an bayyana shi a 1963, aka sa masa sunan Sarki Leopold na Uku na Beljiyam. Shi ne ƙaraminsu, wajen santimita 10, goshinsa a miƙe ba lotsawa, da ɗigon baƙi a ƙarƙashin fiffiken sama. Ƙarami ne amma ya fi su faɗa, kuma ba kasafai ake samunsa ba.

Saboda haka daga nan zuwa ƙarshe, in na ce enjel, *scalare* nake nufi.

Mataki na uku: guda nawa?

Nan ne gizo ke saƙar, don yawan kifin shi ke yanke girman tanki. Lissafin da na ga yana aiki shi ne: ɗaya, ko ma'aurata biyu da suka riga suka zaɓi juna, ko garke na biyar zuwa shida. Abin da ke tsakani shi ne fitina.

Guda ɗaya yana zama lafiya tare da wasu kifaye, har ya saba da mai ba shi abinci, ya riƙa tarbarka a gaban gilashi. Biyu da ka tsinta kawai a shago caca ce. Ba a bambance mace da namiji suna ƙanana, duk wanda ya ce maka ya iya hasashe yake yi. In ka yi rashin sa'a suka zama maza biyu a ƙaramin wuri, ɗaya zai hana ɗaya sakat. Uku ya fi muni: biyu su haɗu, na ukun ya zama abin duka. Huɗu kuwa ka ji yadda ta kaya da ni. In suka kai biyar ko shida a wuri mai faɗi, faɗan yakan rarrabu, babu wanda ake tasa wa gaba shi kaɗai, kuma wanda aka kora yana da inda zai nufa.

Ka yi wa kanka gaskiya a nan. In ɗakinka ba zai ɗauki tanki mai tsawon mita ɗaya da ɗoriya ba, ka haƙura da garke, ka tsaya a ɗaya. Enjel guda mai cikakkun fiffike ya fi shida masu yagaggun wutsiyoyi kyan gani.

Mataki na huɗu: awon tanki

Fara da tsayi, don shi mutane suka fi mantawa. Tankin da aka ce tsayinsa santimita 45 ba ruwan santimita 45 ne a ciki ba. Cire biyar na yashi a ƙasa, cire uku ko huɗu da za ka bari a sama, saura 36 ko 37. Kifi mai tsayin 20 yana da ɗan sarari a nan, amma ba da yawa ba. Don haka 45 shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi, 50 zuwa 55 ya fi, musamman ga masu dogon fiffike. Kifin da ya taso a gajeren ruwa fiffikensa kan lanƙwashe, kuma in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Sai dai kar tsayin ya ɗauke maka hankali ka sayi irin dogayen tankunan nan sirara masu kama da ginshiƙi. Enjel gaba yake iyo, ba sama da ƙasa ba. Kuma iska ta saman ruwa take shiga, don haka tanki mai ƙaramin baki ba ya numfashi da kyau komai yawan litarsa. Tulun gilashi mai zagaye kuwa a bar wa furanni.

Lissafin lita ba wuya: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 1,000. Tankina na farko, 60 sau 30 sau 30, lita 54 ke nan a takarda, kuma da yashi da duwatsu bai kai 45 ba. Kodayaushe ka ɗauka ruwan gaske zai gaza lissafin takarda da kusan kashi 15 cikin ɗari.

Ga awon da nake ba mutane:

Enjel ɗaya da 'yan ƙananan abokan zama, ko ma'aurata su kaɗai: 80 sau 35 sau 50, lita 140 ke nan. Ana iya sauka zuwa lita 110, amma ƙasa da haka sai masu kiwo don ƙwai, waɗanda ke ajiye ma'aurata a tankin lita 75 zuwa 80 ba yashi ba ado, suna canza ruwa kusan kullum. Wannan wurin aiki ne, ba na falo ba.

Ma'aurata tare da wasu kifaye: 90 ko 100 sau 40 sau 50, wato lita 180 zuwa 200. Ƙarin tsawon shi ke ba sauran kifayen mafaka ranar da aka yi ƙwai.

Garke na biyar ko shida: tsawo kada ya gaza 120. Da faɗin 35 da tsayin 50 za ka samu lita 210, wanda shi ne iyakar ƙasa. In da hali, 120 sau 45 sau 55, kusan lita 300, shi ne wanda ba za ka yi da-na-sani ba. A taƙaice ka ware wa kowane babban enjel wajen lita 40, ban da na abokan zamansa.

In ka ci karo da awo a galan, tambayi na wace ƙasa. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila 4.5. Tankin da Amurkawa ke kira mai galan 29 shi ne lita 110, mai galan 55 lita 208, mai galan 75 kuma lita 284.

Akwai wani dalilin da ya sa babban tanki ya fi sauƙin riƙo, ko da yake hankali ba ya kawo haka da farko. Ruwa mai yawa ba ya saurin canzawa. In yaro ya zazzage abinci a lita 50, kafin gari ya waye ruwan ya lalace. A lita 200 kana da lokacin gyara. In aka ɗauke wuta cikin daren hunturu, ƙaramin tanki zai huce cikin 'yan sa'o'i, babba kuwa ya riƙe ɗuminsa har safe. Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa ta tafi, wannan kaɗai ya isa hujja.

Mataki na biyar: nauyi, gilashi da mazauni

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 300, in ka haɗa ruwa da gilashi da yashi da duwatsu, zai haura kilo 350, nauyin buhun siminti bakwai. Ba teburin talabijin za ka ɗora shi ba. Sa mai walda ya yi maka mazauni na ƙarfe, ko kafinta ya yi na katako mai kauri da ƙafafu a tsakiya, a gwada shi da ma'aunin magina a tabbatar bai karkata ba. Shimfiɗa farin soso irin wanda ke zuwa cikin kwalin firiji tsakanin gilashi da mazauni, don ƙwayar tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi tana iya tsaga gindin tanki.

In mai yankan gilashi zai haɗa maka, tsayin ruwa shi ke yanke kaurin gilashi. Mai tsayin 45 zuwa 50 yana son milimita 8, in tsawonsa ya kai 120 a koma 10, kuma a sa ƙarfafa ta gilashi a bakin sama don kada ya buɗe ciki. Kar ka yarda da gilashin taga. Silikon ɗin ma, wato gam ɗin da ake manne gilashin da shi, a duba: wanda ake sa wa a banɗaki yana ɗauke da maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kifi. In an gama, cika shi da ruwa a tsakar gida, ya kwana biyu ko uku. Gara ya yoyo a can da ya yoyo a kan kafet.

Wurin ajiya kuma: nesa da taga mai rana, nesa da ƙofar da ake bugawa, nesa da kicin. Abu ɗaya da ba na gajiya da faɗa shi ne maganin sauro. Na fesawa da na kunnawa da fiya-fiya duk suna kashe kifi, kaɗan ma ya isa. In dole a fesa ɗakin, kashe famfon da ke hura iska cikin ruwan, rufe tankin ruf da leda ko jiƙaƙƙen zane, sai ƙaurin ya fita a buɗe.

Mataki na shida: ruwan ya nuna kafin kifi ya zo

Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, mai guba. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson filta su ke mayar da ita naitarait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitaret, mai sauƙin illa, wadda kake cirewa ta canjin ruwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyi. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Cika tanki, kunna filta, riƙa jefa ɗan abincin kifi kaɗan duk bayan kwana biyu ya ruɓe, ka jira. In kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙi guntun soson filtarsa ka sa a taka, zai rage maka jira sosai. Da kayan gwajin ruwa za ka tabbatar: amoniya sifili, naitarait sifili, sannan a kawo kifi.

Enjel na son ɗumin digiri 25 zuwa 28, da ma'aunin tsami na pH tsakanin 6.5 da 7.5. Wanda aka haifa a tanki ba ya da tsirfa sosai a kan wannan. Abin da ba ya so shi ne canji na farat ɗaya. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, sai a sa masa maganin cire shi. Ruwan burtsatse ba shi da kulorin amma na wasu wurare yana da nauyin ma'adinai, ka gwada ka san naka. Hita mai kashe kanta, kusan wat ɗaya ga kowace lita, za ta yi maka aiki a hunturu. A watan Afrilu kuwa matsalar ta juye: ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, sai ka ga kifi sun taru a sama suna haki. Buɗe murfi, sa raga, juya fanka ta riƙa busa saman ruwa. Ƙaramin famfon iska mai batir kuma ya fi kowane kayan ado daraja ranar da wuta ta yi nisa.

Filta kada ta zama mai ƙarfin turi. Kifi mai faɗin jiki kamar faifai yana wahala a ruwa mai gudu. Juya bakinta ya fuskanci gilashi.

Ado kuwa a yi shi a tsaye, kamar yadda kifin yake: dogayen ciyayi irin su balisneriya da takobin Amazon a baya da gefe, reshen itace ɗaya ko biyu a jingine, tsakiya a bar ta fili. Amfaninsu ya wuce kyau, suna katse gani, kuma enjel ba ya bin wanda ba ya gani. Anubiyas, wani tsiron ruwa wanda asalinsa na dazuzzukan Najeriya da Kamaru da maƙwabtansu ne, ba ya son haske da yawa kuma ba ya mutuwa da wuri. Ɗaure shi za ka yi a jikin itace, kar ka binne jijiyarsa. Dutsen da ka tsinto, ɗiga masa ruwan binega. In ya yi kumfa, ajiye shi, zai ƙara wa ruwa nauyi.

Mataki na bakwai: yanzu sai launi

Duk sunayen da za ka ji a shago kifi ɗaya ne a riguna daban-daban. Girmansu ɗaya, halinsu ɗaya, tankinsu ɗaya, kuma suna aure tsakaninsu. Bambancin da ya shafe ka shi ne ƙwari da tsawon fiffike.

Silba shi ne mai kamar na daji: jiki ruwan azurfa, ratsin baƙi a tsaye, sau da yawa da jan ido. Shi ne zaɓina ga mai farawa, ba don araha kaɗai ba. Ratsinsa yana magana. In ya tsorata ko ruwa ya dame shi sai ratsin ya dusashe cikin daƙiƙu, in ya natsu ko yana shirin faɗa ya dawo baƙi ƙirin. Mai sabon tanki yana koyon abubuwa da yawa daga wannan. Zebra ɗan'uwansa ne mai ƙarin ratsi.

Mabul yana da dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba biyu masu zane ɗaya, kuma yana da ƙwari. Gol ruwan zinariya ne ba ratsi, kansa yana ƙara rawaya da girma. Koi fari ne mai ɗigon baƙi da ruwan lemo a ka da gadon baya, an sa masa sunan ne don kamarsa da kifin koi na Japan. Yana ƙarami za ka ga kumatunsa ja; ba ciwo ba ne, marfin ne ba shi da launi ana hango abin numfashinsa ta ciki, kuma yakan rufe in ya girma. Ruwan lemon yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon abinci da kwanciyar hankali, don haka kar ka yi fushi in wanda ka kawo gida ya koɗe a makon farko.

Baƙaƙe kashi biyu ne. Wanda ya gaji baƙin daga ɓangare ɗaya yakan fito da duhu, ratsi na leƙowa ta ƙasa kamar leshi. Wanda ya gada daga uwa da uba shi ne baƙi wuluk, kyakkyawa a gaban koren ganye, amma ya fi rauni yana ƙarami. Zabiya mai jan ido ba ya gani sosai kuma haske mai ƙarfi na damunsa, sai a ci abinci a bar shi. Akwai kuma masu sheƙin shuɗi da aka fitar a Filifin, da farin falatinam mai ƙyalli. Suna da tsada, ban da wannan ba su da wata matsala.

Sai maganar mayafi. Kowane launi ana samunsa da fiffike na asali ko mai tsawo, wanda 'yan kasuwa ke kira veil. Wanda ya gaji tsawon sau biyu wutsiyarsa har jan ƙasa take yi. A hoto abin sha'awa ne. A tanki kuwa ba ya sauri, fiffiken na saurin yagewa da kamuwa da ruɓa, kuma yana buƙatar ƙarin tsayin ruwa. In kana son mai mayafi, ɗauki matsakaici, tsayin tankinka ya kai santimita 55, kuma kar ka haɗa shi da masu gajeren fiffike da za su riga shi abinci.

Mataki na takwas: a gaban tankin mai shago

Kar ka yi gaggawa. Tsaya minti goma kana kallo kafin ka nuna. Nemi wanda jikinsa ya kai faɗin santimita uku zuwa huɗu ban da fiffike. Ƙasa da haka suna mutuwa da sauƙi. Fiffiken sama da na ƙasa su miƙe kamar an ja su da zare, siraran fiffiken nan biyu masu kamar zare da ke ƙarƙashin ƙirji su cika kuma su yi daidai. Duba ta gaba: goshi da ciki su cika, kada su zama kamar wuƙa. Idon da ya yi wa jiki girma alama ce ta kifin da ya tsumbure, ya tsufa bai girma ba, kuma ba zai kamo ba. Marfin kumatu ya rufe duka biyun. Fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ko fiffike a maƙale, ko farin kashi mai ja kamar zare, ko mushe a tankin: bar duk tankin, ba kifin kaɗai ba. Ce wa mai shago ya jefa abinci. Lafiyayyen enjel mayunwaci ne, shi zai fara isa.

Garke a saye shi lokaci ɗaya, masu girma ɗaya. Ƙaramin da aka kawo wa manya daga baya baƙo ne a gidan da aka gama rabon ɗakuna.

A gida, ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20 ɗumi ya daidaita, riƙa zuba mata ruwan tanki kaɗan-kaɗan na wani rabin sa'a, sannan ka kamo kifin da raga. Ruwan ledar a zubar. Kashe fitila ranar, abinci sai gobe. In kana da tsofaffin kifi, sabon ya yi mako biyu zuwa huɗu a wani tanki daban tukuna.

Abokan zama su kasance waɗanda suka fi ƙarfin bakinsa kuma ba sa cizon fiffike: koridoras masu kiwo a ƙasa, fileko ƙarami mai gashin baki, da tetra masu faɗin jiki. Niyon tetra kyakkyawa ne, amma babban enjel yakan tsince su ɗaya bayan ɗaya da dare, ka yi ta ƙirga suna raguwa. Taiga bab, wani ƙaramin kifi mai ratsin baƙi, zai mayar da fiffiken enjel tsumma. Kifin zinariya, wato goldfish, na ruwan sanyi ne, ba tafiyarsu ɗaya ba. Ɗan tarwaɗa da yara suka kamo kuwa, cikin wata biyu shi kaɗai zai rage.

Abinci sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Duk mako a canza rubu'in ruwa. A tankin lita 200 jarka biyu ke nan masu lita 25, waɗanda ba su taɓa ganin fetur ko sabulu ba. Soson filta a cikin ruwan da ka ɗebo daga tanki ake matse shi, ba a bakin famfo ba.

Ranar da biyu suka ware

Tsakanin wata shida da shekara ɗaya, in garke gare ka, za ka ga biyu sun fara tafiya tare, suna tsattsage wani faffaɗan ganye ko jikin hita da baki, suna korar kowa zuwa ɗaya ɓangaren. A lokacin ne kaɗai za ka san wace ce macen: wani ɗan bututu yana fitowa a ƙarƙashin ciki, nata mai kauri da dakusasshen baki, nasa siriri mai tsini. Za ta jera ƙwai layi-layi, ɗaruruwa, shi yana bin baya. A ɗumin digiri 27 sukan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku, 'ya'yan su yi wajen kwana biyar a manne kafin su fara iyo. Sababbin iyaye sukan cinye ƙwan farko da na biyu, kar ka damu.

A tanki mai tsawon 120 da ciyayi, sauran huɗun za su matsa gefe su jira hayaniyar ta wuce. In ka ga ɗaya ya daina fitowa cin abinci, ko ya maƙale a kusurwar sama yana duhu, kar ka jira gobe. Ko ka raba tankin da raga, ko ka kwashe ma'auratan zuwa nasu na lita 110. Ni yanzu ina ajiye tanki na biyu a ƙarƙashin mazaunin babban, da ƙaramin soson filta da ke aiki a cikin babban tun tuni, don ranar da za a buƙace shi in ɗauko shi da ƙwayoyinsa a raye.